Murfin da Na Toshe da Leda

Sabonjida, Tamale.

Zuwa ga 'yata Rahinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin sauka lafiya, kin sami ɗakin da suka ce za su ba ki, kuma hanyar Salaga ba ta jijjiga ki da yawa ba. Allah ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, ya sa albarka a hannunki ga matan da za ki karɓi haihuwarsu.

Na ce kada ki buɗe takardar nan sai kin isa, don ban so ki tuƙa mota da abin da ke cikinta a ranki ba. Na ba ki tsohuwar tasi ɗina saboda idona ya yi rauni, kuma ƙauyen da aka tura ki aikin unguwarzoma ba shi da motar asibiti. Wata rana za ki kwantar da mace mai naƙuda a kujerar baya, don haka dole ki san halin motar nan idan ta mutu a hanya. Akwai kuma abin da na ɓoye miki shekara goma sha ɗaya game da ranar da mahaifiyarki ta rasu, da kawunki Sulemana, wanda kika daina gaisarwa. Yana can Salaga, ba nisa da ke. Maganar motar da maganar kawunki magana ɗaya ce. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke min hukunci.

Zan fara da ƙaramin kuskure, don da shi babban ya fara.

Kina goye lokacin da motar ta soma mutuwa a mahaɗar hanya. Da zarar na ɗage ƙafa daga totur, sai injin ya yi shiru, masu babur su yi ta danna min ham. Na taɓa zama wata takwas a garejin Masta Yakubu a Zogbeli kafin in koma tuƙi, kuma wata takwas ɗin nan suka sa nake jin na san mota. Na ce fulogi ne, na canza. Ba ta daina ba. Na ce famfon mai ne, na canza. Da na gaji na kai wa Masta, ina shiga ina faɗa masa abin da zai gyara.

Ya ce, "Direba, gyara ka kawo ko karatu ka zo ba ni? Matsa can ka rufe bakinka, bari ita ta yi magana."

Ya tayar da injin, ya sa kunne kusa da kafireta. Ko ni da ke tsaye gefe na ji wani ɗan fito. Wata siririyar roba ce ta tsage tana zuƙo iska. Ya yanke bakinta da wuƙa, ya mayar. Shi ke nan gyaran.

Ranar ya faɗa min abin da ya kamata in riƙe. Ya ce inji abu uku yake ci: mai, wuta, iska. Idan ya mutu, ɗaya daga cikinsu ne bai iso ba, kuma yadda ya mutu shi ke faɗa maka wanne. Idan wuta ce ta yanke, yakan ɗauke lokaci ɗaya, kamar an murɗa makulli. Idan mai ne ya gaza, sai mota ta yi ta fizga tana tari, ƙarfinta na raguwa, sannan ta tsaya. Rahi, ki rubuta wannan ki manna kusa da sitiyari. Kafin ki taɓa komai, ki tambayi kanki: yaya ta mutu? Da sanyin safe ne ko bayan ta yi zafi? A tsaye ne ko a guje? Kada ki sa wa ciwo suna tun ba ki duba ba. Na san a makarantarku an koya miki haka game da mutane. Ni an koya min game da mota, na ji da kunne kawai.

Wata damina kuma na sayi fetur na kwalba a bakin hanya don ina sauri. Ban yi nisa ba ta soma tari. Ruwa ne a ciki. Idan dole ta sa ki sayi irin wannan man, ki ɗaga kwalbar ki duba ta a rana, ki bari ta natsu. Ruwa yakan kwanta a ƙasa, za ki ga layinsa. Ki riƙa duba matacin mai ma, da kan batir, don idan ya yi sako-sako gargada kaɗai tana iya kashe miki inji.

Waɗannan duk na sha su na wuce. Wanda ban wuce ba shi ne na murfi.

Kina da shekara goma sha ɗaya, mahaifiyarki Ayishetu na da ciki. Mun daɗe muna jiran cikin nan. A lokacin allurar da ke nuna yawan mai ta daɗe da mutuwa, ban gyara ba. Wata sanda na fere na ajiye a but ɗin motar, in ina son sanin mai sai in buɗe tanki in zura ta. Wata rana a gidan mai na ɗora murfin tankin a kan rufin mota, wani fasinja ya ja ni da gardama, na tayar na tafi. Murfin ya faɗi inda ban sani ba. Na samo wani a wurin masu tsofaffin kaya, amma bai kama sosai ba, warin fetur yana shigowa ciki.

Mahaifiyarki ta ce, "Baban Rahi, warin nan yana tayar min da zuciya. Ko dai in riƙa tafiya kasuwa da ƙafa?"

Na ce, "Matar direba da ƙafa? So kike 'yan tasha su yi min waƙa?"

Ta yi dariya. Na ninka baƙar leda biyu, na shimfiɗa a bakin tankin, na murɗa murfin a kai har ya ƙi motsi. Wari ya ɗauke. Ta ce Allah ya yi min albarka, ni kuma na ji daɗin kaina.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, murfin asali yana da ɗan rami kamar na allura. Ta nan tanki yake numfashi. Famfo yana jan mai, iska tana shiga ta cike gurbin. Idan aka toshe, famfo zai yi ta ja har ya kasa, kamar ki toshe bakin buta da yatsa ki ce ruwa ya zubo ta hanci. Ni na toshe shi, da hannuna.

Daga makon nan motar ta koyi sabon hali. Da safe ta tashi lafiya. Sai na yi tafiya mai ɗan nisa, ta soma fizga, ta mutu. Ni kuma ga abin da nake yi kullum, ba na canzawa: in sauka, in buɗe tanki, in zura sanda, in ga akwai mai, in rufe. Sai in buɗe bonet, in goge fulogi, in girgiza wayoyi. In murɗa makulli, ta tashi. Fasinjoji su ce, "Kai, direban nan fita ne, cikakken makanike!" Na ɗauka gugar fulogin ce ke tayar da ita. Ashe buɗe murfin ne, tun kafin in kai ga bonet. Har ƙarar iskar nakan ji tana shiga, fuu, in ce zafin rana ne.

Ki kula da wannan, 'yata. Idan kin taɓa abu uku mota ta tashi, ba ki san wanda ya tayar da ita ba. Ki taɓa ɗaya, ki gwada. Sannan na biyu. Kuma motar da ta mutu ta tashi da kanta ba ta warke ba. Kada ki yarda da ita don ta kai ki gida yau.

Tunda na riga na yanke cewa wuta ce, sai na tafi wurin kawunki. Sulemana ƙanen mahaifiyarki ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana aikin wayarin mota a wata rumfa a Gumbihini, kuma hannunsa ya fara suna. Na ce ya canza min koyil, abin nan da ke ba fulogi wuta. Ya ɗauko mitarsa ya auna.

Ya ce, "Yaya, koyil ɗin nan lafiyarsa ƙalau. Ka bar min motar kwana ɗaya, in bi ta a hankali."

Na ce, "Motar da nake tuƙawa tun kana yawo ba wando? Canza kawai, ina da fasinja."

Ya yi murmushi don yana jin nauyina, ya canza. Kwana biyu ba ta mutu ba, saboda cikin gari kawai na yi ta zagaye, ina buɗe tanki ina zuba mai kaɗan-kaɗan. Na ce wa mahaifiyarki an gyara.

Idan wanda ya san aiki ya ce miki ba nan ciwon yake ba, ki saurare shi ko da ƙaninki ne. Kuma kada ki ce an gyara sai kin kai motar irin nisan da take mutuwa, ta wuce shi.

Ranar Asabar muka tafi wani ƙauye bayan Tolon, sadakar arba'in ta gwaggon mahaifiyarki. Ni da ita da kakarki, mahaifiyarsu ita da Sulemana. Ke muka bar ki wurin maƙwabta don kina da jarrabawa. Cikin ya shiga wata takwas. A tafiya motar ta mutu sau ɗaya, na yi abin da na saba, ta tashi. Na ce a raina, yaron nan bai ɗaura koyil ɗin da kyau ba.

Ana cikin rabon abinci, kafin azahar, kakarki ta fito daga ɗakin mata, fuskarta ta canza. Ta ce, "Tayar da mota. Jini ne." Ina da galan biyu na fetur a but. Don kada mai ya yanke mana a daji, na juye su duka har tankin ya cika baki. Na ninka ledar, na murɗa murfin da dukan ƙarfina. Aka kwantar da mahaifiyarki a baya, kanta a cinyar kakarki.

Tankin da ya cika ba shi da sauran iska a ciki, don haka ya fi saurin shaƙewa. Wannan daga baya na sani. Mun bar ƙauyen har rufin gidajen ya ɓace, sai ta fizga. Ta sake fizga, ta yi tari, ƙarfinta ya tafi, ta tsaya a gefen wata gonar masara. Rahi, ki sake karanta abin da Masta ya ce a sama. Motar ta faɗa min mai ne, da bakinta. Ni kuma sunan Sulemana kawai nake ji a kaina.

Na wuce tankin na tafi bonet. Me zan duba a tanki, ni da na cika shi? Na cire wayar fulogi na kusantar da ita jikin ƙarfe don in ga wuta. A tsakar rana, wutar fulogi ba ta ganuwa sosai, sai an yi mata inuwa da hannu ko hula. Na sani. Amma da ban ga ta da ƙarfi ba, sai na ce ga shaida. Na goge fulogi, na murɗa makulli. Na kwance koyil na mayar, na murɗa makulli. Waya ba ta kamawa a wurin. Hanya ba kowa, mutanen yankin duk suna wurin sadakar.

Sai na ji muryarta ta taga, a hankali.

"Baban Rahi."

"Na'am, yanzu za mu tafi."

"Yau ba ka sa sandarka ba."

Ta sha zama a motar tana kallona, ta haddace yadda nake yi. Na ce, "Tanki cike yake, ni na cika shi. Ki yi shiru ki huta."

Ta yi shiru. Wannan ce maganar ƙarshe da na yi mata tana ji.

Na yi ta murɗa makulli har batir ya soma ja da ƙyar, sannan ya koma ƙas-ƙas, sannan ba komai. Kada ki taɓa yin haka. Idan kin gwada sau uku ba ta tashi ba, ki cire hannunki, don batir shi ne damar da ta rage miki bayan kin gano ciwon. Ni na ƙone tawa. Kuma idan da mara lafiya a ciki, ki ba gyara ɗan lokaci kaɗan, in ya wuce ki bar motar ki nemi mutane. Da na koma ƙauyen da gudu tun farko, da na sami babur. Na tsaya ne don kowane lokaci ina ganin saura kaɗan, kuma ban so a ce motata ta gagare ni ba.

Kakarki ta cire ɗankwalinta da mayafinta, duk suka jiƙe. Sai wajen la'asar wata tarakta ta zo, aka shimfiɗa mahaifiyarki a tirela. Muna hango gine-ginen Tamale kakarki ta daina addu'ar neman sauƙi, ta koma salati. Ɗan da ke cikin namiji ne, aka ce min daga baya.

Ajali na Allah ne, ban yi shakka ba. Ke da kika karanta aikin za ki fi ni sanin ko awa ukun nan da sun cece ta. Ba wannan nake nema ki auna min ba. Abin da ya biyo baya ba ajali ba ne, bakina ne.

A zaman makoki, tabarma cike da mutane, wani dattijo ya tambayi abin da ya sami motar. Na ce, "Koyil ɗin da Sulemana ya sa min ne ya yanke wuta." Kawunki yana zaune kusa da ni, idonsa ya kumbura. Ya ɗago ya ce, "Yaya, ai na ce maka..." Sai ya kalli mutane, ya kalle ni, ya haɗiye sauran. Ya tashi ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita. Ke kina bakin ƙofa da butar ruwa. Na ga kin ji.

A ranar na gaskata abin da na faɗa. Wannan kaɗai ne uzurina, kuma mako uku ya yi min.

Da aka jawo motar gari, Masta Yakubu ya sa wani batir, ya murɗa makulli sau biyu, ta tashi da koyil ɗin Sulemana a jikinta. Ya ce in shiga in tuƙa. Muka yi ta tafiya har ta fizga ta mutu. Na kai hannu zan buɗe bonet, ya buge min hannu.

"Haka ta yi ranar?"

"Haka ta yi."

Ya sauka ya zaga baya. Ya murɗe murfin, iska ta shiga da ƙara har ƙarfen tankin ya yi ɓam. Ya zaro ledar da yatsa biyu.

"Wa ya sa wannan?"

Ya ce in murɗa makulli. Ta tashi.

Muka zauna a cikin motar, injin na aiki. Can ya ce, "Iddirisu, ni ba zan faɗa wa kowa ba, ba nawa ba ne. Amma yaron can yana Gumbihini ba mai kawo masa ko fitilar babur. Yau za ka je."

Na ce zan je. Na kai har bakin layinsu, na hango shi zaune a rumfar shi kaɗai, na juya. Na ce gobe. Kafin shekara ya kwashe kayan aikinsa ya koma Salaga, inda ba a san labarin ba. Masta ya rasu bai ƙara yi min maganar ba, amma bai ƙara kirana direba da wasa ba.

Kina aji ɗaya a sakandare kawunki ya je makarantarku ranar ziyara da gari da sukari da sabulu. Kika ƙi fitowa, kika aika a ce masa ba ki da kawu. Da kika zo hutu kika ba ni labari kina kallon fuskata, kina jira in yaba miki. Na ce ki ci abincinki. Kakarki kuma, da ciwon ajali ya kama ta, ta sa aka kira shi, ta riƙe hannunsa ta ce ta yafe masa. Ya durƙusa ya ce ya gode. Ina tsaye a ɗakin. Ya karɓi yafiyar laifin da bai yi ba, bai ko kalle ni ba.

Tsoro ne, Rahi. Ke kaɗai kika rage min, kuma kina kallona kamar mutumin da aka zalunta. Na ji tsoron ranar da kallon zai canza. Don in riƙe 'yata, na raba ki da ɗan'uwan mahaifiyarki, mutumin da ya fi kowa kama da ita a duniya.

A aikinki za ki yi kuskure, babu wanda ba ya yi. Wata rana kuma za ki ga laifin ya faɗa kan wata ƙaramar ma'aikaciya ba tare da kin tura shi ba, abin da ake so daga gare ki kawai ki yi shiru. Ki faɗi gaskiya a ranar, kafin ki ci abinci. A rana ta farko magana ce kawai. Ni na bar tawa ta kwana, ga shi yau sai da takarda nake iya faɗarta.

Motar yanzu lafiyarta ƙalau. Na gyara allurar mai, na sa sabon mataci da batir. Murfin da ke kanta na asali ne irin nata, na hura da bakina na ji iska na wucewa. Duk da haka, in ta taɓa fizga ta mutu, ki fara zagawa baya ki buɗe shi, ko da ke kika cika tankin.

Ki buɗe akwatin gaban mota, ƙarƙashin takardun. Akwai ƙulli a cikin tsohon ɗankwali. Murfin ne, da ledar. Ban iya yar da su ba. Ki tambayi masu gyara a tashar Salaga, za su nuna miki rumfar Sulemana mai wayarin. Ki gaishe shi yadda ake gaida kawu, ki ba shi ƙullin. Ba sai kin yi bayani ba, yana gani zai gane. Ki ce masa ranar Juma'a mai zuwa zan hau motar haya in zo, kuma ba a ɗaki nake son yi masa magana ba. A bakin masallaci, bayan an sallame, inda mutane za su ji, tunda a gaban mutane na faɗi ta farko. In ya ce kada in zo, ki faɗa min, zan kai maganar ga dangi a nan Sabonjida ko ba shi.

Ke kuma, ban ce ki kira ni yau ba. Ki ɗauki kwanakin da kike buƙata. Wayata tana aljihuna.

Allah ya jiƙan Ayishetu da ɗan da ba mu raɗa wa suna ba. Allah ya saka wa Sulemana. Allah ya kai ki duk inda kika nufa, ya dawo da ke, ke da duk wadda kika ɗauko, kada ya tsayar da ku a hanya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Iddirisu.